Nas, Sista, Malamar Asibiti: Wa Muke Nufi?

Tun shekarar 2006 babban asibitin Gwagwalada ya koma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja, amma har gobe in ka tare ɗan acaɓa ka jero masa wannan dogon suna, sai ya dube ka ya ce, "Sifeshalis kake nufi?" Tsohon sunan ya riga ya zauna a baki, kuma ba wanda hakan ya cutar, tunda ko da wanne ka kira shi ƙofa ɗaya za a sauke ka. Inda abin yake da nauyi shi ne sunayen da muke kiran mutanen da ke duba marasa lafiya, a cikin wannan asibitin da kuma ƙananan asibitocin kuɗi da shagunan kemis da suka cika Kutunku da Dagiri da Unguwar Dodo. A nan kam suna ɗaya yana iya kai ka hannu biyar daban-daban.

Kalmar ita ce nas. Daga Turanci muka aro ta, kamar yadda muka aro asibiti da kemis, kuma mun ba ta faɗin da masu ita ba su ba ta ba. Wadda ta yi shekara biyar a jami'a nas ce. Wadda ta yi shekara uku a makarantar koyon jinya nas ce. Ma'aikaciyar lafiya ta ƙaramin asibitin ƙauye nas ce. Yarinyar da ta koyi allura a bayan kantar wani mai kemis ita ma nas ce. Abin da ido ya gani shi baki ke faɗa: mace, farin kaya, allura a hannu. Shi ya sa likita mace, bayan shekara shida tana karatu, za ta shiga ɗakin marasa lafiya wani dattijo ya ce mata, "Nas, don Allah kira mana likita." Shi kuwa namijin da ya karanci jinya, da ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya ya zama dakta, musamman a garuruwa irin su Dobi da Paiko inda ganin likita sai an yi tafiya.

Sista kuma wata hanya ta biyo ta iso mana. Asalinta kiran da ake yi wa matan coci da suka sadaukar da rayuwarsu, waɗanda a Turai su ne suka daɗe suna kula da marasa lafiya. A asibitocin Ingila ta zama muƙami: sista ita ce shugabar ɗaki guda, metiron kuma ita ce uwar dukkan ma'aikatan jinya na asibitin. A takardar gwamnatin Najeriya yanzu jami'ar jinya ake rubutawa, da matakanta har zuwa darakta, amma a baki sista da metiron suna nan daram. Marar lafiya kan ce "nas" in yana ba da labari, ya ce "Sista" in yana roƙon a zo a duba masa ruwan da ya tsaya.

Kafafen labarai na Hausa sun fi son ma'aikaciyar jinya, kuma ina ganin sun yi dace, domin jinya kalma ce tamu mai zurfi. Fuska biyu gare ta. In aka ce wane yana jinya, shi ne a kwance. In aka ce wance tana jinyar mijinta, ita ce a tsaye a kansa. A Sakkwato da wasu sassan Katsina jiyya suke cewa, ma'anar dai ɗaya. Harshen bai raba ciwo da ɗawainiyar ciwo ba, ya ɗauke su abu guda da mutum biyu ke ɗauka tare. Daga nan aka sami mai jinya, wato ɗan'uwan da ke kwana da marar lafiya a asibiti, kuma duk wanda ya taɓa shiga asibitin gwamnati da dare ya san ko wace ce. Gwaggo ce ko ƙanwa ko kishiya mai tsoron Allah, da tabarmarta da bokitinta da filas ɗin kunu. Ita ke yi masa wanka, ta juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ta kwashe fo, ta ba shi abinci a baki, ta ruga kantin magani da takarda a hannu, ta lura numfashinsa ya sauya ta je ta taso sista. A littattafan koyon jinya waɗannan ayyuka su ne darussan farko, su ne gindin sana'ar. A asibitocinmu, saboda ma'aikaciya ɗaya na iya kwana da ɗaki cike da gadaje, sun faɗa kan matar da ba ta taɓa shiga aji don su ba, ba ta kuma cikin lissafin kowa. Wannan mata ta cancanci a riƙa ambatonta duk lokacin da ake maganar wanda ke riƙe da asibitocin ƙasar nan.

Ungozoma ita ce kalmar da ba mu aro ba, makaranta ce ta aro ta daga gare mu. Ungozomar da iyayenmu suka sani tsohuwa ce ta unguwa, wadda sau da yawa sai haihuwa ta sauka ake aika mata. Ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta tsaya a kan wankan jego, ranar suna a fitar mata da rabonta na nama. Yau budurwa 'yar shekara ashirin da biyu, wadda ta karanci hawan jinin masu ciki da jijjiga da yadda ake tsayar da zubar jini, ita ma sunanta ke nan. Dole ta sa aka ƙara wa kowacce wutsiya, ana cewa ungozomar gargajiya da ungozomar asibiti. A nan harshen ya yi abin da ya kasa yi wa nas: ya ga mutum biyu, ya ba su suna biyu.

Ita doka ba ta da wannan ruɗani. Tun 1930 aka kafa hukumar rajistar ungozomomi a Najeriya, a 1947 aka kafa ta ma'aikatan jinya, a 1979 aka haɗe su suka zama hukuma ɗaya, wadda ake kira NMCN a taƙaice. A wurinta nas ita ce wadda ta yi karatu a makarantar da hukumar ta amince da ita, ta ci jarrabawar hukumar, sunanta ya shiga rajista, ta karɓi lasisi. Wanda ya kira kansa da sunan ba tare da wannan ba ya yi laifi. A Gwagwalada akwai irin wannan makaranta ta Hukumar Birnin Tarayya, wadda aka daɗe da sani da makarantar koyon jinya da ungozoma, yanzu kuma ta zama kwalejin kimiyyar jinya. Sauyin sunan yana da dalili. A da shekara uku ake yi a fito da shaidar hukuma kaɗai, takardar da ke da daraja a asibiti amma take ba mai ita wahala in ya nemi ƙarin karatu. A 'yan shekarun nan an shigar da makarantun jinya cikin tsarin hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna: a shiga ta JAMB, a yi ƙaramar difloma shekara biyu, a ɗora babbar difloma shekara biyu. Mai son digiri kuma ya nufi jami'a ya yi shekara biyar, digirin jinya kuwa Jami'ar Ibadan ce ta fara shi a 1965. Kowace ƙofa aka bi, sai da kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu.

Kiredit biyar ɗin nan, da ƙarancin gurbi, su ne katangar da dubban 'yan mata ke tsayawa a gindinta. Wasu ƙasashe sun gina matakala a wurin. A Amurka akwai ma'aikaciyar jinya ta mataki na biyu da suke kira LPN, a jihohin Kalifoniya da Teksas kuma LVN. Kimanin shekara ɗaya take yi a kwalejin fasaha ko ta al'umma, ta zauna jarrabawar ƙasa mai suna NCLEX-PN, ta sami lasisinta, ta yi aiki ƙarƙashin cikakkiyar nas ko likita: awon jini da zafin jiki, wanke ciwo, ba da wasu magunguna, kula da tsofaffi. Ingila ta taɓa samun irinta mai karatun shekara biyu, ta daina horar da su wajen shekarun 1990, sai ga shi a 2017 ta sake ƙirƙiro wani mataki makamancinsa saboda giɓin ya ƙi cikuwa. Abin lura shi ne a can matakin yana da sunansa, da iyakar abin da aka yarda mai shi ya taɓa, da hukumar da za ta ƙwace lasisin in ya ƙetare.

Mafi kusa da wannan a wurinmu su ne nas ta al'umma da ungozomar al'umma, karatun shekara biyu da NMCN ta amince da shi, wanda aka tsara don yarinya ta fito daga ƙaramar hukumarta ta koma can ta yi aiki. Sai kuma wani reshe dabam da mutane ke yawan cakuɗawa da jinya, wato CHEW, da ƙaninsa JCHEW. Waɗannan a kwalejin fasahar lafiya ake horar da su, shekara uku da shekara biyu, kuma hukumarsu daban ce, an kafa ta a 1992. Su ne magadan disfensa na asibitin sha-ka-tafi, kuma sun yi ƙarfi ne bayan taron Alma-Ata na 1978, musamman zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Suna da littafin ƙa'ida da ke gaya musu cutar da za su yi wa magani da wadda za su tura gaba. Bahaushe ya daɗe da raɗa musu suna mai kyau, malamin asibiti da malamar asibiti, sunan da ke da girma kuma bai yi ƙarya ba. Na fi son sa da nas ɗin da ake liƙa musu, wanda ba ya ƙara musu komai sai jawo rigima tsakaninsu da masu rajista.

Saura suna ɗaya, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami: ogzilari. Ma'anarsa mataimakiya. Ba ya cikin rajistar kowace hukuma a Najeriya, NMCN da ƙungiyar ma'aikatan jinya ta NANNM sun sha nanata haka, amma yana nan a kusan kowane gari. Yadda abin ke tafiya sananne ne. Yarinya ta gama sakandare, Fiziks ya ƙi, ko ta ci amma ba ta sami gurbi ba. Wata maƙwabciya ta ce wa mahaifinta, "Baba, ai akwai asibitin da ke koyar da nas, ba sai da JAMB ba." Uban ya sayar da buhun masara ko ɗan akuya ya biya, aka ɗinka farin kaya. Ta fara da shara da wankin zannuwan gado, ta koma riƙe faranti, wata rana aka miƙa mata sirinji. Bayan shekara ɗaya ko biyu a yi bikin yaye, a ɗauki hoto, a ba ta takarda mai hatimin asibitin. Ranar da ta kai takardar neman aikin gwamnati ko ƙarin karatu, ranar za ta ji cewa ba a san da ita ba.

Ban ga laifin yarinyar ba, ban kuma ga na uban ba, wanda ya ji an ce nas ya ɗauka nas ɗin da ya sani ce. Laifin yana kan mai asibitin da ya karɓi kuɗin koyo kuma ya sami ma'aikaciya kyauta, yana sane da cewa takardarsa ba ta wuce bakin ƙofarsa. Amma cutar ba ta tsaya a kanta ba. Ta koma unguwa ana kiranta Anti Nas, ana buga mata ƙofa da tsakar dare. Hannunta ya iya neman jijiya, wataƙila ma ya fi na ɗalibar kwaleji 'yar aji biyu. Abin da ba a koya mata ba shi ne dalili: me ya sa ƙarin ruwa zai iya kashe mai ciwon zuciya ko ƙoda, me ya sa allura a gurbin da bai dace ba a ɗuwawun yaro kan shanye masa ƙafa, yaya ake lissafa magani da nauyin jariri, wace alama ce in mai naƙuda ta nuna sai a nemi mota nan take. Suna linzami ne, in ji Hausawa, kuma wannan sunan yana jan ta zuwa aikin da ya fi ƙarfin abin da ta sani, jama'a kuma suna biye da shi da yarda.

Ana yawan cewa a kama su, a rufe wuraren. Rufe masu sayar da takardar bogi daidai ne. Sai dai kamun ba zai cike gurbin da ya haife su ba, kuma gurbin ƙara faɗi yake. A farkon 2024 magatakardan NMCN na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, hukumar kuma ta fito da sharaɗin sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardun fita, abin da ya sa ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Duk mai rajistar da ta tashi zuwa Ingila ko Saudiyya, wata ce za ta tsaya a inda ta bari, kuma a ƙananan asibitocin kuɗi mun san wace ce.

Abu biyu nake fata. Na farko namu ne, masu magana da rubutu da Hausa: mu bar wa mai rajista nas da ma'aikaciyar jinya, mu kira CHEW malamar asibiti, mu kira mai koyo mai koyo, gidajen rediyo kuma su riƙa faɗa wa iyaye a fili cewa hukumar tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su, a duba kafin a biya ko sisi. Na biyu na gwamnati ne: a faɗaɗa karatun nas ta al'umma, a buɗe wa 'yan matan da suka riga suka ɓata shekaru a matsayin ogzilari hanyar shigarsa. An taɓa gwada irin wannan a Arewa. Shirin Women for Health, wanda ya fara a 2012 da tallafin Birtaniya a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, ya ɗebo 'yan matan karkara da kiredit ɗinsu bai cika ba, har da matan aure masu goyo, ya ba su shekarar share fage suka sake jarrabawa, sannan suka shiga makarantun jinya da ungozoma ta ƙofar gaba. Kwalejin da ke Gwagwalada tana da ƙauyukan ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya a bayanta, daga Abaji zuwa Bwari, kuma ba ta rasa 'yan matan da za su cika irin wannan aji.