Malfar Jaji: Yadda Matan Sakkwato Suka Riƙe Tarihinsu a Baki

Kakata ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma a bakinta na fara jin sunan Degel da Gudu da Alkalawa. Bayan sallar lisha takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jawo auduga da mazari, tana kaɗi tana rera wata doguwar waƙa da murya ƙasa-ƙasa. Mu yara mun ɗauka waƙar rage dare ce kawai. Sai da na shiga kwalejin horon malamai na gane cewa labarin hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tsohuwar nan take ba mu, kuma hanyar da labarin ya biyo har ya iso tabarmarta, mace ce ta share ta tun fiye da shekara ɗari kafin a haife ni.

Wannan mace ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda aka haifa a Degel wajen 1793, tagwaiyar Hassan. Tana da kimanin shekara goma aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka yaƙi da yunwa da tafiyar ƙasa duk da idonta ta gan su. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma kimanin ayyukanta 60 sun iso gare mu. Wannan kowa ya san shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina, ni da na yi rayuwata gaban allo, shi ne yadda ta fitar da ilmin nan daga cikin takarda ta sa shi ya yi tafiya da ƙafarsa.

Bayan jihadi ya lafa, ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno cike suke da mata waɗanda ba su san karatu ba. Da yawansu daga ƙasar Gobir suka fito, bori suka tashi suka tarar, shi ne kuma mafakarsu idan ciwo ko baƙin ciki ya zo. Matar aure mai goyo ba ta da halin barin ɗakinta ta tafi birni neman malami, takarda kuwa tsada gare ta. Asma'u ta duba wannan hali, sai ta tsara abin da aka sani da 'Yan Taru, wajen shekarun 1830.

Daga kowane gari takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, ta naɗa ta jaji. Alamar naɗin malfa ce babba, a ɗaura mata jan ƙyalle kamar rawani. Akwai hikima cikin zaɓen malfar nan, domin irinta Inna ta Gobir, uwar 'yan bori, take sawa. Matar ƙauye da ta hango malfa tafe ta san mai iko ce ta iso, tun kafin ta buɗe baki. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka saba girmamawa ta ɗora ta a kan mai ɗauke da ilmi.

Jaji takan tara tsofaffin da suka gama haihuwa da 'yan matan da ba su kai aure ba, su kama hanya a ƙasa zuwa gidan Asma'u, suna ɗauke da sadakar waɗanda suka rage a gida: hatsi, man shanu, zuma, zare. A can su zauna a gabanta, ta rera musu baiti su maimaita, ta fassara, su sake maimaitawa har ya zauna. Idan sun koma, jaji ta shiga gida-gida, ta zauna cikin mata suna sussuka ko kaɗi, ta rera, ta yi bayani, ta amsa tambaya. Mai jawabi ce, mai waƙa ce, malama ce, duk a jiki guda.

Cikin abin da suka ɗauko har da tarihin mata kansu. A 1837 Asma'u ta tsara waƙar da aka sani da Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ta faro daga matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da 'ya'yansa, ta biyo ta kan waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, sa'an nan ta sauko gida ta ambaci malamai mata na jama'ar Shehu, irin su Joda Kawuri da 'Yar Hindu da Amina Lubel. Ku dubi abin da wannan zai yi a zuciyar matar ƙauye: ta ji an jera sunan mace irinta, mai daka da ɗiban ruwa, a sahu ɗaya da manyan bayin Allah na Gabas. Da wata jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu, Asma'u ta yi mata marsiyya kamar yadda ta yi wa sarakuna da malamai. Ba don wannan waƙa ba, da yau babu wanda ya san an yi Hauwa'u a duniya.

Asma'u ta rasu wajen 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ta karɓi ragamar 'Yan Taru, bayanta kuma Ta Modi. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, boko ya zo da nasa tsarin, amma tsofaffi ba su daina rerawa ba. Takardun kuwa suna cikin gafaka a gidan Waziri, har marigayi Waziri Junaidu, jikan gidan, ya buɗe su ga Jean Boyd, Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato. Ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, ita da Beverly Mack kuma suka tattara ayyukanta a 1997. Aikinsu abin godiya ne. Sai dai a lura, sun tarar da waƙoƙin da rai, a bakin mata irin kakata.

Wata shekara ina koyar da tarihi a wata makarantar 'yan mata, na tambayi aji wace ce Nana Asma'u. Wata ta ce sunan makaranta ne, wata ta ce sunan ɗakin kwanan ɗalibai. Abin ya tsaya mini a rai, na kwana ina juyayi. Ranar kasuwa na sayo malfa da jan ƙyalle. Na zaɓi wata yarinya mai kunya wadda ba a cika jin muryarta ba, na ba ta labarin jaji ta haddace, na ce ranar taro ta shigo a matsayin wadda ta taso daga ƙauye da ƙafa. Muka gayyato wata tsohuwa daga cikin gari wadda ta gaji waƙoƙin daga uwarta. Yarinyar ta shigo da malfa a ka, ta yi sallama, ta ba da labarin tafiyarta da abin da ta gani a gidan Asma'u, sa'an nan tsohuwa ta ɗauki waƙa. Ɗakin taron ya yi tsit. Da aka tashi, 'yan matan suka kewaye tsohuwar suna tambayarta, wasu kuma suka ce idan sun je hutu za su tambayi kakanninsu. A jarrabawar ƙarshen zango babu wadda ta faɗi tambayar 'Yan Taru.

Haka tarihin sauran matanmu yake bukata. A Nijar, Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransa a 1899, ta ƙara shiga zukatan matasa bayan Abdoulaye Mamani ya rubuta labarinta a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU, wadda ta sha ɗauri saboda ta tsaya gaban taro ta nema wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, ta rasu a 2001, kuma har yanzu akwai waɗanda suka ji jawabinta da kunnensu a Zariya da Kano. Kowace rana ana binne irin waɗannan shaidu da abin da ke cikinsu.

Don haka nake kira ga 'yan'uwana malamai, da masu shirya shirye-shiryen rediyo, da 'yan fim ɗinmu na Kano: ku nemi tsofaffin nan tun suna da rai, ku zaunar da su gaban yara, ku naɗi muryoyinsu. Ke kuma da kike karanta wannan, idan Allah ya bar miki kaka a gida, ki je yau da daddare ki zauna kusa da ita, ki roƙe ta ta rera miki abin da uwarta ta rera mata. Allah ya jiƙan Nana Asma'u da jajinta, ya sa mu riƙe amanar da suka bar mana.