Girgizar 1909 da ta tona asirin cikin duniya

Da safiyar 8 ga Oktoba, 1909, ƙasa ta girgiza a kwarin kogin Kupa, kilomita kusan 40 daga birnin Zagreb na Kuroshiya. Gidaje sun tsage, mutane sun firgita. Andrija Mohorovičić, shugaban tashar nazarin yanayi ta Zagreb, mai shekara 52, sai ya aika wa tashoshin Turai wasiƙu yana roƙon takardun da na'urorinsu suka zana motsin a kai.

Da ya jera su, sai ya ga abin mamaki. A tashoshi masu nisa, igiyar girgiza iri ɗaya ta iso sau biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Duk direban da ya taɓa barin gajeriyar hanyar burji ya zagaya ta kwalta, kuma ya riga abokinsa isa, zai gane lissafin. Igiya ɗaya ta bi ɓawon ƙasa da gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa. Ɗayar ta nutsa, ta faɗa wani dutse mai tauri inda gudun ya kai kusan 8, sannan ta ɓullo. Ya ƙiyasta iyakar da ke tsakanin ɓawon da wannan dutse tana zurfin kilomita 50 da 'yan kai, ya wallafa a 1910. Sunan nasa ya yi wa baki nauyi, shi ya sa masana suka gutsure shi, suke ce wa iyakar Moho.

Abin da ke ƙarƙashinta shi ne mantil, tsokar duniya, tsakanin ɓawo da ƙwallo kamar a mangwaro. Ba da daɗewa ba Beno Gutenberg ya gano gindinta a zurfin kilomita 2,900. A 1981 Adam Dziewonski da Don Anderson suka fitar da taswirar PREM, wadda har yau ake dogara da ita: gudun igiya yana yin tsalle a zurfin kilomita 400 da 670, inda matsi ke sauya tsarin ma'adanai, har ya kai kilomita 13.7 a daƙiƙa a can gindi. Nauyin dutsen kuwa daga ninki 3.4 na ruwa yake tashi zuwa kusan 5.6.

Da agogo da lissafi aka samo duk wannan. Masu haƙa sun gwada sa'arsu: rijiyar Kola ta Tarayyar Sobiyet ta kai mita 12,262 a 1989, zafi ya kai digiri 180, aikin ya tsaya ko rabin ɓawon wurin ba a huda ba.