Daga Land Rover zuwa Highlander: Tarihin Jif a Hanyarmu

'Yan ƙungiya da ke aiki a Minna, Kaduna da Abuja sun sha tambayar wace jif ce za ta jure zuwa Dukku da damina. Kuɗin da mutum ya shekara biyar yana tarawa ba abin wasa ba ne, shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi motocin da suka bi hanyar Kontagora zuwa Rijau kafin namu.

Ta farko ita ce Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948. Da irinta Di'o da ma'aikatan En'e suke rangadi a ƙasar Arewa. Jikinta na alminiyam ne, ba ya tsatsa, tana ja da ƙafa huɗu, kuma babu wata na'ura mai wuyar ganewa a cikinta. Amma motar hukuma ce da 'yan mishan. Talaka sai dai ya ga ƙurarta.

Motar da ta zama ta jama'a ba jif ba ce ma. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, daga baya gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da 504 motar jami'anta. Nan ne darasin yake. Ba wai 504 ba ta lalacewa ba ne, tana lalacewa sosai. Sai dai duk inda ta tsaya akwai bakaniken da ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, kayan gyaranta kuma suna nan a Kontagora, in an rasa a aika Panteka. Motar da ta mutu da safe ta tashi kafin la'asar, ita mutanenmu suka kira mai ƙarko.

Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Sai ga 'yan Beljiyam ta Kwatano. A wannan zamanin Mitsubishi Pajero, wadda ta fito a 1982, ta zama alamar ciyaman da ɗan kwangila, Prado ta biyo baya a 1990. Waɗannan jikinsu a kan shasi mai zaman kansa yake, kamar na a-kori-kura, don haka suna shanye rami da kwazazzabo.

Daga 1998 abin ya sauya. Lexus RX300 ta fito, Toyota Highlander ta biyo ta wajen 2001, kuma su ne suka cika garejin 'yan uwanmu yau. Mu duk jif muke ce musu, amma gaskiya Highlander ƙanwar Camry ce da aka ɗaga sama. Ba ta da shasi daban, kuma da yawa daga cikinsu da ƙafar gaba kaɗai suke ja. An yi su ne don kai yara makaranta a titunan Amurka, ba don taɓon watan Agusta ba. Wanda ke zuwa gida da ita duk mako ya san kuɗin kayan ƙafa.

Duk da haka muna ganin ita ce ta gaji 504, saboda dalili ɗaya. Injinta mai silinda huɗu irin na Camry ne, mai silinda shida kuma iri ɗaya ne da na Sienna da RX300. Bakaniken da ya iya Camry ya iya ta, kayanta sun cika Kofar Ruwa a Kano. Sharaɗinta shi ne canza baƙin mai a kan kari, don mai silinda shidan an san shi da tara daskararren datti in aka yi sakaci. Ita RX300 mai ja da ƙafa huɗu, akwatin giyarta ne ke ba mutane kuka. Nissan Pathfinder ta 2005 zuwa 2010 tana da shasi mai ƙarfi, amma an san ta da yoyon ruwan lagireto cikin man giya, har kamfanin ya tsawaita garanti a Amurka. Wannan garantin bai ƙetaro teku ba.

Abu ɗaya da masu saye ke mantawa: motar da ta fito daga inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, ƙasanta ya riga ya ci tsatsa, komai ƙyallin fentinta. A sa bakanike ya kwanta ya duba kafin a biya.

Sauran labarin duk mun gani da idonmu. Daga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, hanyar Kwatano ta toshe. An daina ƙera Pajero a 2021. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Tun daga nan masu silinda shida da yawa suka koma ƙarƙashin rumfa, sai Sallah ko in za a kai mara lafiya asibitin Tungan Magajiya. A sauran ranaku mai jif da mara jif duk a bayan Bajaj muke haɗuwa a hanyar Rijau.