Sufacaja a Injin Jirgin Ruwa: Ƙarfin da Ake Samu da Gudun da Ruwa Ke Bari

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ke faruwa idan aka ɗora wa injin ƙaramin jirgin ruwa sufacaja, wato na'urar da ke danna iska cikin silinda. Ta dogara ne kan ƙa'idojin aikin inji da kuma tarihin injunan da kamfanonin Mercury da BRP suka fitar tun daga 2004. Ta nuna cewa ƙarfin inji yana ƙaruwa matuƙa, amma gudu ba ya ƙaruwa gwargwadon haka, kuma zafi da cin ƙarfe su ne kuɗin da ake biya.

1.0 Yadda na'urar ke aiki

Fetur ba ya ci sai da iska, kusan giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na mai. Injin da ke zuƙar iska da kansa iyakarsa abin da sararin samaniya ya tura masa, wato matsin kusan bar ɗaya. Idan sufacaja ta ƙara rabin bar a kai, a lissafi silinda ta samu ƙarin rabin iskar da ta saba samu, sai a ƙara mata mai daidai da haka. Aikin zugazugin maƙeri ke nan, kuma asalin ma daga can ya fito: na'urar da 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, suka yi wa rajista a Amurka a 1860 an yi amfani da ita ne wajen hura wutar narka ƙarfe. A shekarun 1930 injiniya ɗan Suwidin, Alf Lysholm, ya inganta wata mai murɗaɗɗun sanduna biyu da ke matse iskar tun a cikinta.

Bambancinta da turbo shi ne ba ta jiran hayaƙin salansa. Inji ne ke juya ta kai tsaye ta bel ko giya, don haka da an taɓa totur take amsawa. Wannan yana da daraja a ruwa, domin lokacin da jirgi ya fi wahala shi ne sa'ad da ya ɗaga hanci yana neman fitowa daga ramin da ya haƙa a ruwa ya hau samansa. Sai dai wani kaso na ƙarfin da aka samu ita ce ke cinye shi.

2.0 Shekarar 2004

Dokokin hayaƙi da Amurka ta fara aiwatarwa a 1998 sun matsa wa tsofaffin injuna masu bugu biyu, ga shi kuma masu bugu huɗu sun fi nauyi. Amsar kamfanin Mercury na garin Fond du Lac ita ce injin Verado, wanda ya fito a 2004: silinda shida, lita 2.6 kacal, da sufacaja irin ta Lysholm, da ƙarfin doki har 275. Daga wannan girman injin ne aka kai ga doki 400 a 2015. A 2004 ɗin dai BRP na Kanada ya fitar da babur ɗin ruwa Sea-Doo RXP mai doki 215 daga injin lita ɗaya da rabi.

3.0 Ina gudun yake?

A nan ne masu jirage da dama ke shan mamaki. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma ba ya ba da hanya a banza. Ƙa'idar George Crouch, da masu zanen jirage ke aiki da ita har yau, ta nuna cewa a jirgin da ke sulɓi a saman ruwa sai an ninka ƙarfi sau huɗu kafin gudu ya ninka sau biyu. Jirgi mai doki 300 da ke yin mil 50 a awa, idan aka kai shi doki 420, abin da zai yi bai wuce mil 59 ba. Ƙarfi ya ƙaru da kashi 40 cikin ɗari, gudu da kashi 18, shan mai kuwa ƙarfin yake bi. Ko wannan ɗin ma sai an canza farfela, in ba haka ba injin ya zarce juyin da aka ƙayyade masa.

Jirgin da ke keta ruwa da ƙirjinsa kuwa tsawonsa ne ke yanke masa hukunci. Mai ƙafa 36 da aka danƙara wa kaya yana cin karo da igiyar da shi kansa ya tayar a wajen kilomita 15 a awa, ƙarin ƙarfi sai dai ya ƙara girman igiyar.

4.0 Zafi da cin ƙarfe

Iskar da aka matse tana zafi, iska mai zafi kuma tana sa mai ya fashe kafin lokacinsa. Makanike da ya buɗe irin wannan inji yakan tarar da gefen fistin ya zaizaye, zobensa ya karye, bakin fulogi ya narke. Injin jirgi ya fi na mota fuskantar wannan haɗari, domin babu gangara a ruwa, yana ɗauke da lodi ne awa bayan awa. Sauƙin da yake da shi shi ne ruwan sanyaya iskar yana ƙarƙashinsa kyauta, ko da yake na teku yana cin bututu. Wanda ya ɗora sufacaja a tsohon inji ba tare da ya ƙara famfon mai, ya gyara lokacin wuta, ya duba ƙarfin giyar da ke kai wa farfela ba, a ganin wannan bincike ya sayi wahala ne da kuɗinsa. Ko kamfanoni ba su tsira ba: wasu ƙananan wasoshin yumɓu da ke cikin kulocin sufacajar Sea-Doo ta shekarun farko sun riƙa farfashewa suna zuba cikin inji, har aka maye gurbinsu da na ƙarfe.

Mercury da kansa ya sake hanya. A 2018 ya fitar da injuna masu silinda takwas, lita 4.6, marasa sufacaja, a 2021 kuma ya kai doki 600 da silinda goma sha biyu, shi ma babu ita. Inda ya ci gaba da ɗora ta shi ne sashensa na injunan tsere, kamar 450R na 2019, wanda masu sayensa suka biya kuɗin ƙarin mil kaɗan da saninsu.