Ɓoyayyiyar La'ada: Yadda Kason Kamfanonin Caca Ke Cinye Kuɗin Matasan Damagaram

Gabatarwa

A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta zama mahaɗar fataken Kano, Agadas da Tarabulus. A unguwar Zango, inda ayari ke sauka, cinikin fata da gishiri da tufafi yana bi ta hannun dillali, la'adarsa kuwa a fili take: mai saye ya san da ita, mai sayarwa ya san da ita. Yau wani sabon dillali ya shigo gari ta wayar salula, wato kamfanin cacar wasanni na intanet. Malamai sun daɗe suna bayanin haramcin caca bisa aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Wannan maƙala ta ɗauki ɓangaren lissafi, kuma hujjarta guda ce: hasarar ɗan caca ba rashin sa'a ba ce, an riga an dasa ta a cikin farashin da ya yarda da shi.

Inda kason yake ɓuya

A ɗauki wasan da ɓangarorinsa biyu suke kunnen doki. Farashin adalci shi ne 2.00: wanda ya zuba jaka ɗaya, wato sefa 1,000, ya karɓi jaka biyu in ya ci. Kamfani kuwa sai ya rubuta 1.90 ga kowane ɓangare. Idan mutum biyu suka zuba jaka ɗaya-ɗaya a ɓangarori daban, kamfani ya tara 2,000, ya biya 1,900, ya riƙe 100 ko wa ya yi nasara. Kashi 5 cikin 100 ke nan. Kafin ɗan caca ya maido da uwar kuɗinsa kawai a wannan farashi, sai hasashensa ya dace fiye da sau 52 cikin 100.

Kowa na iya gano wannan kaso da kansa. A raba 100 da kowane farashi, sannan a tara. Misali, a wasan ƙwallon ƙafa mai farashi 2.50 ga masu gida, 3.20 ga canjaras, 2.70 ga baƙi, za a samu 40 da 31.3 da 37, jimla 108.3. Duk abin da ya haura 100 alamar rabon kamfani ce. Ba a rubuta shi a tikiti, shi ya sa matashin da zai yi doguwar jayayya kan dala biyar a kasuwar Dole yake biyan wannan la'ada bai ce uffan ba.

Kombine: inda ɓarnar ke ninkuwa

Wanda ya zauna a fadar matasa a Birni ko Sabon Gari da yammacin Asabar zai ga yadda abin yake. Shayi na kan gawayi, waya na yawo hannu zuwa hannu, ana jera wasannin Ingila da Sifen da Faransa a tikiti guda, abin da ake kira kombine. Kuɗin zubi kaɗan ne, alkawari kuwa babba.

Sai dai kowane wasa da aka ƙara yana shigowa da nasa kason. A haɗa wasanni 10 masu farashin 1.90, a zuba sefa 200. Allon waya zai nuna kimanin 122,600. Damar cin tikitin ɗaya ce cikin 1,024, don haka kuɗin adalci 204,800 ne. Kason da ya fara da kashi 5 ya kai kusan kashi 40. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni suka fi tallata kombine: ya fi jan hankalin mai ƙaramin ƙarfi, ya kuma fi kawo musu riba. Haka lissafin yake ga wanda ke maida abin da ya ci cikin caca: bayan zagaye 10, a matsakaici, jaka goma ta koma jaka shida.

Bayan wannan akwai ƙananan ƙofofi: kuɗin cirewa a shagon hada-hadar kuɗi ta waya, kuɗin intanet, da garaɓasar da ba ta ciruwa sai an juya ta sau da dama, kowane juyi da kasonsa. Ga ɗan kabu-kabu ko ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi, sefa 42,000 a wata, zubin 500 kullum ya kai 15,000, fiye da sulusin abin da yake samu.

Hujjojin masu kare harkar

Na farko, sukan ce ai ana ci. Gaskiya ne, amma kuɗin wanda ya ci daga aljihun ɗaruruwan da suka faɗi yake fitowa, bayan an cire kaso. Labarin mutum guda ya karaɗe unguwa, sauran kuwa kunya ta rufe musu baki. Ƙalilan da suka ƙware har suke yawan ci, sanannen abu ne a Turai kamfanoni kan rage musu iyakar zubi ko su rufe asusunsu.

Na biyu, sukan ce gwamnati na samun kuɗin shiga. Hukumar caca ta ƙasa, LONANI, ta daɗe tana gudanar da cacar sukuwar dawakin Faransa. A wannan tsari ana tara zubi wuri guda, a cire kaso, a raba saura. A Faransa abin da ake cirewa ya kai wajen rubu'i. Kason ya yi nauyi, amma aƙalla wani ɓangare na shiga baitulmali. Kamfanin intanet mai mazauni a ƙetare kuwa yana iya kwashe ribarsa ba tare da ko rijiya ɗaya ta amfana ba a garin da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa.

Kammalawa

A Kano, Hukumar Hisbah ta sha rufe shagunan caca, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙolin Nijeriya na Nuwamban 2024 da ya bar wa jihohi ikon tsara harkar. Amma kulle shago ba ya kulle waya. Don haka ake buƙatar matakai uku. Hukuma ta tilasta wa duk kamfani mai lasisi ya buga kasonsa a kan kowane tikiti, musamman na kombine. Malaman lissafi a makarantun sakandare su koyar da wannan rabawa da tarawa, gidajen rediyo kuma su maimaita ta da Hausa. Masana a Jami'ar André Salifou su binciki yawan kuɗin da ke fita daga gidajen Damagaram ta wannan hanya. Matasanmu ba su rasa basira ba, farashin aka ɓoye musu, kuma haƙƙinsu ne su san shi kafin su zuba ko dala ɗaya.