'Yan Igwa na Umdurman: Waɗanda Hoto Ya Kama da Waɗanda Ya Bari

Duk wanda ya dubi tsofaffin hotunan sojan igwa na ƙarshen ƙarni na 19 zai ga tsayuwa iri ɗaya: mutum ya ƙame, ya ɗora hannu a kan ƙafar igwa, sai ka ce shi kaɗai ke sarrafa ta. Alhali kuwa igwa ba ta tashi da hannu ɗaya.

A igwar da ake ɗura wa ta baki, kowa da aikinsa. Wani ya zura jiƙaƙƙen soso ya kashe ragowar tartsatsi, don kada sabon albarushi ya kama a hannun mai ɗuri. Wani ya toshe kafar wuta da babban yatsa. Wani ya sa albarushi da harsashi, wani ya danna su da sanda, shugabansu ya daidaita saiti, sa'an nan a ba da wuta. Da ta tashi sai ta zabura baya, dole a taru a turo ta mazauninta. Sakacin mutum guda na iya hallaka duka.

Rundunar Mahadi ta sami yawancin igwoginta ne ganima, a yaƙin Shaikan na 1883 da kuma faɗuwar Khartum a 1885. Da yawa daga masu harba su, waɗanda ake kira ɗubjiyya, tsofaffin sojan Masar ne da aka kama. Halifa Abdullahi ya sa aka gina ganuwoyin laka a bakin Nilu, wato ɗawabi, aka girke igwogin a ciki don tare jiragen ruwan yaƙi.

Ranar 1 ga Satumba 1898 jiragen Kitchener suka buɗe wa ganuwoyin wuta, yayin da 'yan igwar Ingila suka sauka a gaɓar gabas suna jefa harsasai masu nauyin fiye da kilo 22 a kan ƙubbar Mahadi har suka huda ta. Washegari a Karari, igwogi suka fara cin Ansar tun suna nesa da fiye da kilomita 2. Kafin azahar an kashe musu fiye da mutum 10,000, ɓangaren Kitchener kuwa bai rasa 50 ba.

Hotunan da suka rage na waɗannan kwanaki, kamar kundin da Francis Gregson ya haɗa, daga ɓangaren masu nasara aka ɗauke su. Hafsoshi suna da fuska da suna. Masu ɗuri a cikin ɗawabi, waɗanda suka tsaya cikin hayaƙi suna jiran harsashin da ya fi nasu nisa, abin da ya rage shaida a kansu shi ne bangon lakar da ke bakin kogi.

Wannan labari bai yi nisa da mu ba. Ƙasa da shekara 5 bayan Karari, a Fabrairun 1903, igwa ce ta fasa ƙofar Kano, kuma a rundunar da ta kawo ta akwai sojoji Hausawa. A Maris Sakkwato ta faɗi, a Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira zuwa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, a garin da ke ɗauke da sunansa. Ƙarar da ta girgiza Umdurman, ita ce ta taso kakannin da yawa daga cikinmu.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 bai bar gidajen tarihin Khartum da Umdurman ba. Saboda haka hoton da ke cikin akwatin gida ya ƙara daraja. Jama'a, wanda ke da hoton kakansa da kayan soja, ya tambayi dattawa sunansa da rundunarsa da aikin da ya yi, ya rubuta a bayan hoton tun masu sani suna raye.