Takardar Shaidar Inshorar Diyyar Ma'aikata a Kwangilolin Gwamnati

Takardar shaidar inshorar diyyar ma'aikata hujja ce da ɗan kwangila ke gabatarwa domin tabbatar da cewa yana biyan kuɗin da doka ta ɗora masa, wanda daga cikinsa ake biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni, ya nakasa, ko ya rasu a bakin aiki. Tsarin ya samo asali ne daga Jamus, inda aka kafa dokar inshorar haɗurran aiki a 1884 zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, Birtaniya kuma ta yi tata dokar a 1897.

A Najeriya, dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Disamba na shekarar, ita ce ta maye gurbin dokar 1987. Ta damƙa tafiyar da shirin ga asusun NSITF, wanda aka kafa a 1993. Mai ɗaukar ma'aikata ne ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake bayarwa kowane wata, kuma an haramta masa yanke kuɗin daga albashin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni ba sai ya je kotu ya tabbatar da sakacin ubangidansa ba kafin a biya shi. Wajibi ne dai ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto ga asusun cikin kwana 7.

Ma'aikatu da hukumomin tarayya, ƙarƙashin dokar bayar da kwangila ta 2007 da hukumar BPP ke sa ido a kanta, suna neman takardar tare da shaidar rajistar kamfani, ta biyan haraji, ta fansho da ta asusun horar da ma'aikata na ITF. Yawanci wa'adin takardar diyyar kan ƙare ranar 31 ga Disamba, don haka jami'in tantancewa kan duba kwanan wata, ya gwada sunan kamfanin da wanda ke cikin rajista, ya kuma tuntuɓi asusun NSITF idan ya yi shakkar sahihancinta.

Muhimmancinta ya fi fitowa fili a aikin gini, inda birkila ke aiki a kan katako a hawa na uku, lebura kuma ke hawa da kwanon kankare a kansa. Dokar diyyar ta 2010 ta shafi har ma'aikatan wucin gadi da masu koyon sana'a, ta kuma ɗora alhakin biyan kuɗin a kan mai ba da aiki da ɗan kwangilarsa baki ɗaya. Sai dai takardar tana nuna albashin da kamfani ya bayyana ne kawai. Leburan da ƙaramin ɗan kwangila ke ɗauka da safe ya sallama da yamma ba kasafai sunansa ke shiga lissafin ba, alhali shi ya fi kowa kusa da haɗari. Tantancewar da ta tsaya a ofis, ba ta kai ga ƙirga mutanen da ke filin aiki ba, ba ta cika ba.